Rage fatar ido ta sama da ta ƙasa: tambayoyin da ake yi mini a Gombe

Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren ido, a Gombe nake zaune. A da, idan aka tare ni a gidan biki ko gidan suna, maganar ba ta wuce yanar ido, hawan jinin ido da canjin tabarau. Yanzu kuwa sai wata Hajiya ta ja ni gefe, ta buɗe waya ta nuna mini hoton wata mata kafin aiki da bayan aiki, ta rage murya ta ce, "Sista, wai wannan a nan ma ana yi?" Maza ma suna tambaya, sai dai su ta bakin matansu suke aikowa. Na tattara tambayoyin da suka fi maimaituwa na amsa su a nan. Duk wanda zai yi shawara da likita, ya shiga ɗakin da sanin abu guda: fatar idon da aka yanke ba ta sake tsirowa.

Wai mene ne ainihin aikin?

Likitoci suna kiransa bilefarofilasti, kalmar da wani likitan Jamus, Karl Ferdinand von Graefe, ya fara amfani da ita a 1818. Aikin kansa ya girmi sunan nesa ba kusa ba, domin Abul Ƙasim Azzahrawi, likitan Ƙurɗuba a Andalus, ya yi bayanin maganin fatar ido da ta saki tun shekaru dubu da suka wuce.

Fatar ido ita ce mafi siranta a jikin mutum, kaurinta bai kai milimita 1 ba. Da shekaru suka ja, sai ta saki ta yi ninki, ta sama ta sauko ta kwanta a kan gashin ido, ta ƙasa ta yi yamutsi. A aikin, ana yanke rarar da ta yi yawa a ɗinke. Wani lokaci a haɗa da ɗan siririn tsoka ko kitsen da ya turo. Na sama kaɗai yakan ɗauki kusan awa ɗaya, kuma galibi da allurar kashe zafi ake yi, mutum yana farke, yana jin maganar likita.

Idona kullum kamar na mai jin barci. Rarar fata ce ke nan?

Ba lallai ba. Abu uku ne ke kawo wannan kamanni, kuma kowanne da aikinsa. Akwai rarar fatar da muka ambata. Akwai sakin tsokar da ke ɗaga murfin ido, inda bakin murfin kansa yake saukowa ya rufe wani sashe na baƙin ido. Wannan ko an cire fata dukkanta idon ba zai buɗe ba, tsokar ake gyarawa. Na uku shi ne faɗowar gira: goshi ya saki, gira ta sauko ta turo fata ƙasa.

Gwada a gaban madubi. Saki goshinki gaba ɗaya, ki sa yatsa ki ɗan ɗaga girar zuwa inda take a da. Idan ninkin ya ɓace, to yawancin matsalar daga gira take. Mutane da yawa sun shekara suna ɗaga gira ba su sani ba, don su samu hanyar gani, shi ya sa goshinsu ya yi layi-layi, da yamma kuma kai ya yi musu nauyi. Bayan an rage fata, goshin yakan huta, girar ta ƙara saukowa. Likitan da ya san aikinsa zai faɗa miki wannan tun kafin ya taɓa ki.

Idan kuma murfin yana faɗuwa ne da yamma ya miƙe da safe, ko ya faɗi farat ɗaya, ko ana ganin abu biyu-biyu, wannan ya fita daga maganar kwalliya. Ciwo ne na jijiya ko tsoka da ke son bincike.

Fata nawa ake cirewa a sama?

Wannan ita ce tambayar da kowa ke yi, amma likita ta ɗaya gefen yake lissafi: nawa zai bari. Ƙa'idar da aka sani ita ce a bar aƙalla milimita 20 na fata tsakanin gashin ido da ƙasan gira, wato kusan faɗin babban yatsa. Da wannan ne ido ke rufuwa ruf idan an yi ƙifta ko barci.

Ga yadda ake awon. Ana zaunar da mutum a miƙe, domin a kwance fata takan zame ta ɓoye gaskiyarta. Ana yin zanen ne kafin allura, tunda allura tana kumbura wurin. Layin ƙasa yana bin ninkin da Allah ya halitta a murfin, wanda a mata yakan kasance milimita 8 zuwa 10 daga gashin ido, a maza ya ɗan fi haka kusa. Sai likita ya sa ɗan matsefata ya tsunkulo rarar fatar, ido a rufe, yana ƙarawa kaɗan-kaɗan har gashin ido ya fara motsi zai ɗaga. Nan ne iyaka, ba a wuce ta. Abin da aka zana yakan fito da siffar ganyen darbejiya, ya fi faɗi ta wajen kunne inda fata ta fi taruwa, ya tsuke ta wajen hanci, domin yanka da yawa a can yana haifar da tabo mai jan fata kamar tantanin ƙafar agwagwa.

Ido biyu ba sa zama daidai da juna ko a wurin wanda bai taɓa shiga asibiti ba. Saboda haka kada ki yi mamaki idan abin da aka cire a dama ya fi na hagu. Abin da ya rage ne ake so ya daidaita.

Wani abin lura ga masu aske gira ko tsige ta su zana wata a sama: ki faɗa wa likita inda girarki ta asali take. Idan aka auna daga girar zane, za a ɗauka fata ta fi yadda take yawa.

Na biya kuɗina. Me zai hana a cire da yawa don ya daɗe?

Hajiya, a nan ne Bahaushe ya ce garin neman gira a rasa ido. Tela idan ya yanka riga ta yi yawa, gobe ya rage. Idan ta yi kaɗan, sai maho.

Mutum yana ƙifta ido sau 15 zuwa 20 a minti ɗaya, kuma kowace ƙifta tana shafa hawaye a kan baƙin ido kamar yadda ake shafa mai a fata. Idan fata ta gaza, murfin ba ya kaiwa ƙasa. Da rana mutum yakan matse ido da ƙarfi ya rufe, amma cikin barci sai ya kwana da 'yar kafa a buɗe. Wurin da iska ke bugawa ya bushe, ya yi ja, ya riƙa yaji kamar an watsa yashi, hawaye na zuba ba dalili. Idan abin ya yi nisa sai gyambo ya fito a baƙin ido, ya warke ya bar farin tabo da ke tare gani.

Yanzu ki haɗa wannan da garinmu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ne da ƙura, leɓe ma tsagewa yake yi. Maris da Afrilu zafi yakan kai digiri 40, kowa fanka a fuska yake kwana. Idon da ba ya rufuwa zai iya lallaɓawa a gari mai raɓa kamar Legas, a Gombe kuwa azaba ce. Na taɓa kula da wata baiwar Allah da ta je ƙasar waje aka yi mata, ta dawo tana murna fuska ta yi sumul. Da sanyi ya shigo, kullum dare sai 'yarta ta zuba mata man ido ta manne murfin da filasta kafin ta iya barci. Har yau idan na tuna yadda take riƙe hannuna tana tambaya ko fatar za ta miƙe, raina yana sosuwa.

Ɗan rashin rufuwa a kwanakin farko saboda kumburi abu ne da aka saba gani, yakan wuce. Wanda ya zarce makonni shi ne abin damuwa.

To ta ƙasa fa?

Ta ƙasa ta fi ta sama rashin yafiya. Murfin sama nauyinsa yana taimaka masa ya sauko ya rufe, na ƙasa kuwa a tsaye yake yana jingine da ƙwayar ido, kome ƙanƙantar ja sai ya bi. Idan aka cire fiye da kima, bakin murfin ya sauka, farin ido ya bayyana a ƙarƙashin baƙin, idon ya koma zagayayye kamar na mai firgita. Idan ya fi haka, murfin ya juye waje, jan cikinsa ya fito, hawaye su riƙa bin kumatu.

Shi ya sa abin da ake cirewa a ƙasa ɗan kaɗan ne, sau da yawa milimita 2 zuwa 4. Ana yankan ne dab da ƙarƙashin gashin ido. Kafin a yanke, likita yakan ce wa mutum ya buɗe baki sosai ya kalli sama, don fatar ta miƙe iyakar yadda za ta miƙe a rayuwar yau da kullum, sannan a cire abin da ya yi saura kawai.

Akwai gwajin da ba ya buƙatar na'ura. Likita zai ja murfin ƙasa ya saki. Mai ƙarfi nan take yake komawa mazauninsa. Wanda ya saki sai ya tsaya jiran ƙifta. Irin wannan, wanda ya fi yawa ga dattawa, sai an ɗaure kusurwar ido ta waje a jikin ƙashi an ƙarfafa ta, in ba haka ba rage fatar zai jawo shi ƙasa. Idan kika je shawara ba a taɓa murfinki an ja ba, ba a gama duba ki ba.

Wannan kumburin kamar jaka a ƙasan idona, fata ce?

Galibi kitse ne. Ƙwayar ido tana zaune ne cikin kitse, wani siririn tantani yana tare shi. Idan tantanin ya yi rauni sai kitsen ya turo gaba. Ga mai sauran ƙuruciya wanda fatarsa ba ta saki ba, ana shiga ta cikin murfin a rage kitsen ko a shimfiɗa shi cikin kwarmin da ke ƙasa, ba tare da an taɓa fata ba, babu tabo a waje. Kitsen ma ba a kwashe shi duka, domin ido yakan zurma mutum ya yi kama da wanda ya tashi daga doguwar jinya.

Amma kumburin da ke yawa da asuba ya sauka da hantsi ruwa ne. A duba ƙoda, a duba maƙoƙo, a rage gishiri da dunƙule, a bincika ko akwai abin da jiki ba ya so da ke sa susar ido. Wuƙa ba ta maganin wannan.

Zai cire mini baƙin da ke kewaye da idona?

Idan inuwar jakar kitse ce ke sa wurin duhu, zai ragu. Idan launin fatar ne, yana nan, har ma yakan ƙara duhu na wasu watanni bayan aiki, domin baƙar fata da duhu take amsa kowane rauni.

Jikina yana yin tabo mai tasowa. Tun hujin kunne na gani.

Ki faɗa wa likita, ki nuna masa. Abin da zai kwantar miki da hankali shi ne fatar murfin ido tana cikin wuraren da irin wannan tabon bai cika fitowa ba, saɓanin kunne, ƙirji da kafaɗa. Haɗarin yana ƙaruwa ne idan yankan ya fita daga siririyar fata ya shiga mai kauri ta gefen hanci ko ta wajen kunne. Tabon sama yana ɓuya cikin ninki idan ido na buɗe. Yakan yi duhu da ɗan tauri a watannin farko, sannan ya lafa a hankali cikin wata shida zuwa shekara.

Hotunan da ake gani a Instagram na goge yamutsi da hasken leza ko da ruwan sinadari, yawancinsu na fararen fata ne. A fatarmu suna iya barin dabbare-dabbare.

Ina shafa man ƙara haske. Da matsala?

Akwai, kuma ina roƙon kada a ɓoye. Da yawa daga cikin mayukan nan da haɗe-haɗen da ake sayarwa a kwalba marar suna, suna ɗauke da sinadarin sitiroyid, wanda ke sirantar da fata, ya hana rauni haɗewa da wuri, ya buɗe ƙofa ga ƙwayoyin cuta. Fatar da dama ba ta kai milimita ɗaya ba, a ƙara sirantar da ita, ina zare zai kama? Ki zo da kwalbar a jaka. Ba wanda zai yi miki faɗa, so ake a san lokacin da ya kamata ki daina kafin a sa rana.

Wane ne bai kamata ya yi gaggawa ba?

Mai bushewar ido tun asali. Akwai gwajin da ake saƙala 'yar takarda a murfin ƙasa minti 5 a ga yawan hawaye. Sai mai ciwon maƙoƙo da ya turo masa ido waje, mai hawan jinin da bai daidaita ba, mai ciwon suga da ke hawa da sauka, da mai shan taba. Wanda ido ɗaya kaɗai yake gani da shi, ni dai shawarata ya yi dogon tunani.

Magunguna masu tsinka jini su ma a faɗe su: asfirin, ibuprofen, diclofenac da ake sha don ciwon gwiwa kamar gyaɗa, har da jiƙe-jiƙe da yawan tafarnuwa da citta. Amma wanda likitan zuciya ya ɗora a kan maganin tsinka jini kada ya daina da kansa, likitocin biyu ne za su daidaita.

Gaskiya ne ana iya makancewa?

Yana faruwa, amma da wuya ƙwarai. Sababinsa jini ne da ke tsiyaya a bayan ƙwayar ido, musamman idan an taɓa kitse. Wurin ƙashi ne ya kewaye shi, jinin ba shi da mafita, sai ya matse jijiyar gani. Alamominsa ciwo mai tsanani da ke ƙaruwa, ido ya yi tauri ya turo waje, gani ya dushe, wani lokaci da amai. Yawanci a cikin awa 24 na farko yake zuwa, kuma abin da ake da shi don ceton idon awa ɗaya ne zuwa biyu. Likita zai ɗan tsaga kusurwar ido ya saki matsin.

Saboda haka wanda ya zo daga Dukku, Nafada ko Kaltungo kada ya kama hanya ranar da aka yi masa aiki. Ya kwana cikin gari wurin 'yan'uwa, da lambar likita a hannu da abin hawa a kusa. Ciwon wannan aiki na yau da kullum kaɗan ne, farasitamol yana isar masa. Wanda ya fi ƙarfin farasitamol ba a jiran gari ya waye da shi.

Me addini ya ce?

Ni ba malama ba ce, abin da na karanta zan faɗa. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na 18 a Putrajaya ta ƙasar Malesiya a 2007, ta halatta tiyatar da ke dawo da aikin gaɓa ko gyara aibi na haihuwa ko na haɗari da ciwo, ta kuma hana wadda ake yi don canza halitta lafiyayya saboda son zuciya ko kwaikwayon wasu. Malamai sukan kafa hujja da hadisin Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi wari, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare.

Dattijon da fata ta rufe masa gefen gani har ba ya hango mai babur ta gefensa, ko yake ɗaga murfi da yatsa don karatun Alƙur'ani, magani yake nema. Akwai gwajin faɗin gani da ake yi sau biyu, murfi a sake da kuma murfi a ɗage da filasta, wanda ke nuna yawan abin da fatar ta tare. Ki ɗauki sakamakon ki kai wa malamin da kika amince da shi, ki faɗa masa niyyarki yadda take.

Alwala, sujada da kwalli fa?

Kwana biyun farko ana ɗora tsumma mai tsabta mai sanyi, a kwana da matashi biyu don kai ya ɗaga. Sunkuyar da kai yana tara jini a fuska, don haka a kwanakin farko likitoci sukan ce a yi salla a zaune da nuni, kuma shari'a ta ba marar lafiya wannan sauƙin, kamar yadda ta ba shi shafa a kan bandeji. Shara a duƙe, daka, ɗaukar jarkar ruwa da hura wutar icce duk a bar wa yara na mako biyu. Ana cire zare bayan kwana 5 zuwa 7. Kumburi da taruwar jini sukan sauka cikin mako biyu, saura kaɗan ya bi a hankali.

Kwalli da gashin ido na manne su jira sai likita ya ba da izini, aƙalla mako biyu. Kuma don Allah, kada a ɗiga nono, zuma, ruwan albasa ko wani tofi a kan ɗinki. Idan za a fita, a sa baƙin tabarau mai faɗi, ko a Keke Napep ne.

Wa ya kamata ya yi mini?

Likitan ido da ya ƙware a tiyatar murfin ido, ko likitan tiyatar gyaran jiki, mai rajista da Hukumar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, wanda ya kammala horon ƙwarewa. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi suna da sashen ido inda za a fara duba mutum, a tura shi gaba idan da buƙata, har zuwa Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Shagon kwalliya, kome kyan fitilunsa, ba wurin yanka ba ne. Aikin da ake yi wa masu amosanin ido, wanda gashin ido ke juyawa ciki yana soke su, shi ma a murfi ake yi, amma wani aiki ne daban.

Ki tambayi likita milimita nawa zai bari, ki tambaye shi wa za ki kira da tsakar dare, ki nemi ganin hotunan masu irin fatarmu da ya yi wa aiki, bayan wata shida, ido a rufe. Inshorar lafiya ba ta biyan aikin kwalliya, don haka a rubuta miki ko kuɗin ya haɗa da dawowa dubawa da gyara. Masu tafiya Alƙahira ko Indiya su lissafa wanda zai duba su idan sun dawo gida.

An riga an cire mini da yawa. Akwai gyara?

Akwai, amma sai da haƙuri. Matakin farko kare baƙin ido ne: hawayen kwalba da rana, man ido da dare, manne murfi lokacin barci, kawar da fanka daga fuska. Tabo yana laushi da lokaci, tausa a hankali yadda likita ya nuna tana taimakawa, shi ya sa akan jira kamar wata shida kafin a sake yanka, sai fa idan baƙin ido ya fara gyambo, nan ba a jira.

Idan fatar ta gaza da gaske, sai maho. Ana ɗebo siririyar fata daga bayan kunne, ko daga murfin ɗaya idon idan yana da saura, a dasa. Ido zai rufu, yajin zai tafi, amma launin mahon ba ya cika sajewa da na kewaye, musamman a baƙar fata. Ki zo da duk takardun aikin farko, da hotonki na da kafin a taɓa ki, domin da shi likita zai gane inda ninkin idonki yake tun asali.